Shari'ar Goronyo: Hukuncin da Aka Yanke a Sakkwato Kan Fito da Soja Cikin Gari, da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 29 ga Janairu, 2015, saura kwana 16 a yi zaɓen shugaban ƙasa bisa jadawalin farko, Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ta yanke wani hukunci wanda har yau lauyoyi ke kafa hujja da shi duk lokacin da aka tayar da maganar soja da zaɓe. Mai Shari'a Rilwan Aikawa ne ya yanke shi, a ƙarar da Honorabul Bello Muhammad Goronyo da wani mutum ɗaya suka shigar tun 2014. Kotun ta hana Shugaban Ƙasa da hukumar zaɓe ta INEC sanya sojoji aikin tsaron zaɓe ta kowace fuska, a ko'ina cikin Najeriya, muddin Majalisar Tarayya ba ta yi dokar da ta ba da wannan izini ba.

A kan takarda maganar zaɓe ce kawai. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta fi ranar zaɓe faɗi nesa ba kusa ba: wa ke da ikon ɗauko soja daga bariki ya girke shi a bakin layin unguwa, bisa wane sharaɗi, zuwa yaushe, kuma wanda aka taka a wajen ina zai kai kuka?

Abin da ya kai su kotu

Ba a banza wannan ƙara ta fito daga Sakkwato ba. A watan Nuwamban 2013 Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko ya bar PDP zuwa APC tare da gwamnonin Kano, Ribas, Adamawa da Kwara, jihar ta koma hannun 'yan adawa. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 28 ga Oktoban 2014, Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal shi ma ya sauya sheƙa. Kwana biyu tsakani muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda Suleiman Abba ya janye masa masu tsaronsa, yana cewa sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya raba shi da kujerarsa, alhali kotu ce ke da hurumin faɗar haka. Ranar 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, 'yan majalisa suka haura ƙofa don su shiga wurin aikinsu. Mutanen Sakkwato sun kalli wannan a talabijin, kuma ɗansu ne ake yi wa.

Wannan na 'yan sanda ne. Na soja kuwa an gan shi a Ekiti. Kwana biyu kafin zaɓen gwamna na 21 ga Yunin 2014, sojoji suka tare Gwamna Rotimi Amaechi na Ribas a kan hanya kusa da iyakar Ondo da Ekiti, suka hana shi isa taron ƙarshe na yaƙin neman zaɓen Kayode Fayemi, ɗan takarar APC. Jirgi mai saukar ungulu da zai ɗauki Gwamna Adams Oshiomhole na Edo bai samu izinin tashi daga Benin ba. APC ta yi kukan an bi jagororinta na ƙananan hukumomi gida-gida an kame su a jajiberin zaɓe. A farkon watan Yunin dai sojoji suka yi ta tare motocin rarraba jaridu suna ƙwace Daily Trust da Leadership da The Nation, suna cewa binciken tsaro ne. Duk ɗan adawar da ya ga wannan ya san abin da zai iya samunsa a 2015.

Talakan gari kuma yana da nasa sanin, wanda bai da alaƙa da jam'iyya. Ranar 8 ga Maris, 2012, aka kwashe sa'o'i ana ɓarin wuta a Mabera, lokacin da sojojin Najeriya da na Birtaniya suka yi yunƙurin kuɓutar da Chris McManus da Franco Lamolinara, injiniyoyin da aka sace a Birnin Kebbi a 2011, aka kuma rasa su duka biyu. Ranar 30 ga Yulin shekarar aka kai harin ƙunar baƙin wake ofishin shiyya ta 10 na 'yan sanda da ke Marina da caji ofis na Unguwar Rogo. Daga nan shingayen bincike suka zama abin yau da kullum, kamar sauran manyan garuruwan Arewa. Buhunan yashi a jibge, durom biyu ko uku an gitta a titi, katako mai ƙusoshi ɗaure da igiya. Ɗan kabu-kabu tun daga nesa zai kashe mashin, shi da fasinja su sauka, ya tura har ya wuce. Mace mai goyo, da ledar cefane a hannu, za ta tako a ƙasa cikin ranar Sakkwato. Wanda waya ta yi ƙara ya ɗaga a kusa da shinge, ko ya yi gaggawar tsallake layi, sai ya ji an daka masa tsawa. Ya ce, "Mi niy yi, yallaɓai?" Amsar ita ce tsallen kwaɗo, ko da kuwa ya haifi mai ba shi umarnin.

Akwai dalilin kafa shingayen nan, ba mai musun haka, don an ga gawa an ga jini. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya wa mutanen unguwa dokar da ta kafa su, ko ranar da za a ɗauke su, ko abin da sojan da ke tsaye ya halatta ya yi da wanda bai halatta ba.

Abin da kundin ya ce

A nan ne shari'ar take da daɗin nazari, don rubutun da ake jayayya a kansa bai fi layi kaɗan ba. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kuma ita aka ɗora wa kiyaye doka da oda cikin jama'a. Sashe na 217(2) ya lissafa ayyukan soja: kare ƙasa daga harin waje, tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula su maido da zaman lafiya idan Shugaban Ƙasa ya kira su, sai kuma duk wani aiki da Majalisar Tarayya ta ƙara musu ta hanyar doka. Wancan aiki na uku, wanda shi ne ƙofar da soja ke bi ya shigo gari, an ɗaure shi da igiya: sai bisa sharuɗɗan da dokar Majalisar Tarayya ta gindaya.

Ɓangaren gwamnati a irin waɗannan shari'u kan jingina da sashe na 218(1), wanda ya ce Shugaban Ƙasa a matsayinsa na babban kwamanda shi ke yanke yadda za a yi amfani da sojoji a fagen aiki, da kuma sashe na 8 na Dokar Rundunonin Soja, wanda ya haɗa da amfani da su don kiyaye lafiyar jama'a da zaman lafiya. Hujja ce mai nauyi, ba ta wasa ba. Idan gari ya kama da wuta da tsakar dare, ba za a ce Shugaban Ƙasa ya jira majalisa ta dawo daga hutu ba.

Amma sashe na 218 ɗin nan yana da ƙaramin sashe na 4, wanda ya ba Majalisar Tarayya ikon yin dokar da za ta tsara yadda Shugaban Ƙasa zai yi amfani da ikonsa na babban kwamanda. Idan aka karanta sassan biyu tare, abin da ke fitowa shi ne ikon yana nan, amma ba sakakke ba ne. Ana kiran soja ne a maido da zaman lafiyar da ya riga ya rushe har ya fi ƙarfin 'yan sanda. Zaɓe kuwa ba tawaye ba ne, taron siyasa ba tarzoma ba ce, gidan ɗan adawa ba sansanin 'yan tada ƙayar baya ba ne. A kan wannan turba kotun Sakkwato ta tsaya: babu wani tanadi da ya ba da damar sanya soja tsaron zaɓe, kuma idan ana son hakan, majalisa ce za ta rubuta.

Mai Shari'a Aikawa bai ƙirƙiro wannan fahimta daga sama ba. Tun a shari'un zaɓen 2003, wato ƙarar Yusuf da Obasanjo da ta Buhari da Obasanjo, alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara irin su Mai Shari'a Ayo Salami da Mai Shari'a Umaru Abdullahi sun yi gargaɗin cewa tsaron dimokuraɗiyya aikin 'yan sanda ne, kuma a nisanta masu ɗauke da makaman yaƙi daga harkar zaɓe komai rashin haƙurin 'yan siyasarmu. Wancan gargaɗi ne a cikin hukunci. Na Sakkwato umarni ne kai tsaye, mai sunan wanda aka hana da abin da aka hana shi.

Bayan hukunci

Kwana tara da yanke shi, ranar 7 ga Fabrairu, shugaban INEC na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar da ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Dalilin da aka ba hukumar shi ne hafsoshin tsaro, ta bakin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, sun ce sojoji za su duƙufa yaƙi da Boko Haram na mako shida, ba za su iya ba da tabbacin tsaron zaɓe ba. Wannan abu ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Kotu ta ce soja ba shi da hurumi a zaɓe, ƙasa kuma ta ɗage zaɓenta saboda soja ba zai samu zuwa ba. Ya nuna nisan da aka yi wajen jingina komai a kan bariki, da irin raunin da aka bar 'yan sanda a ciki.

Sauran kotuna suka bi sahu. Ranar 16 ga Fabrairu Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja, a shari'ar zaɓen Ekiti, ta tabbatar da nasarar Ayo Fayose, amma Mai Shari'a Abdu Aboki ya yi kakkausan suka kan amfani da soja a zaɓen. A watan Maris Mai Shari'a Ibrahim Buba na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke irin wannan hukunci a ƙarar Femi Gbajabiamila, wanda a lokacin shi ne jagoran marasa rinjaye a Majalisar Wakilai. A tsakiyar wannan ne faifan muryar da Kyaftin Sagir Koli ya naɗa a asirce ya fito, inda aka ji manyan 'yan siyasa suna ganawa da Birgediya Janar Aliyu Momoh kan yadda za a tafiyar da sojoji a zaɓen Ekiti. Daga baya rundunar sojan ƙasa da kanta ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, wanda ya miƙa rahoto a Janairun 2016 yana ba da shawarar a yi wa wasu hafsoshi ritayar dole, a hukunta wasu. Abin da masu ƙara suka ji tsoro ya tabbata ba zato ba ne.

Duk da haka ranar 28 ga Maris sojoji sun fito manyan hanyoyi da mashigan garuruwa, an dai ce ba za su tsaya a rumfunan zaɓe ba. Buhari ya samu ƙuri'a 671,926 a Jihar Sakkwato, Jonathan ya samu 152,199. Makonni biyu bayan haka Tambuwal ya ci gwamna.

Majalisa ta amsa, amma rabin amsa. A gyaran da aka yi wa dokar zaɓe a 2015 an ƙara wani tanadi, wanda aka sake ɗauka a sashe na 27(3) na dokar zaɓe ta 2022, cewa INEC ce za ta nemi a turo jami'an tsaro, kuma ba za ta nemi soja ba sai don rakiyar kayan zaɓe da kare ma'aikatanta. Wannan ci gaba ne na gaske. To amma ranar zaɓe kaɗai ya rufe. Bai ce komai ba kan makonnin kamfe, bai ce komai ba kan motar soja da za a ajiye a bakin layin wani jigon adawa da sunan sintiri, bai ce komai ba kan shingen da zai shekara uku a unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bi-ta-da-ƙullin siyasa ta wannan tsaga take shigowa, domin mai yin ta ba ya taɓa kiran ta da sunanta. Kullum sunanta rahoton sirri.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne waɗanda suka yi nasara a kotu sun karɓi mulki wata huɗu bayan hukuncin, da rinjaye a majalisun biyu. Gbajabiamila ya zama jagoran masu rinjaye, a 2019 ya zama Kakaki. Damar rubuta cikakkiyar dokar da suka ce babu ta zo hannunsu, ba a rubuta ba. A zaɓen 2019 INEC da kanta ta dakatar da tattara sakamako a Jihar Ribas, ta kuma fito ta nuna ɓacin ranta kan rawar da wasu sojoji da 'yan daba suka taka a cibiyoyin tattarawa. Jam'iyyar da ke kuka ta sauya, kukan bai sauya ba. Shi ma Sambo Dasuki, wanda jami'an DSS suka bincike gidajensa a Yulin 2015 har da gidan mahaifinsa a nan Sakkwato, ya zauna a tsare daga ƙarshen 2015 zuwa Disamban 2019, duk da belin da kotunan Najeriya suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS na 2016. Tuhumar da ake masa kan kuɗin makamai ta kotu ce ta warware. Take umarnin beli kuwa laifi ne mai zaman kansa, ko wa aka yi wa.

A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 342 ce tsakanin Tambuwal da Ahmad Aliyu. Ban kawo wannan don ɗora wa kowa laifi a zaɓen ba. Na kawo shi ne don a ga ma'auni: a jihar da ratar ta kai haka ƙanƙanta, mota ɗaya mai bindiga a kai da aka ajiye kusa da rumfa biyu, tsofaffi da matan aure suka ga ba za su iya ba suka koma gida, ta isa ta naɗa gwamna.

A 2019 ɗin dai aka sake gwada Mai Shari'a Aikawa, lokacin yana Legas. Rundunar soja ta sanar da wani shiri na tare mutane a hanya a faɗin ƙasa ana neman katin shaida. Lauya Femi Falana ya kai ƙara, kotu ta dakatar da shirin a watan Nuwamba, daga baya ta yanke cewa soja ba shi da wannan iko a kan farar hula. Wannan hukunci ya fi na farko kusa da ɗan kabu-kabun da ke tura mashin, don ya fita daga zaɓe ya shiga titi.

Mutumin unguwa fa?

A ƙa'ida hanya a buɗe take. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta wulaƙanta ɗan Adam, na 35 ya kare shi daga tsarewa ba bisa doka ba, na 40 ya ba shi 'yancin taro, na 41 'yancin zirga-zirga. Sashe na 46 ya ce ya tafi babbar kotu a jiharsa, ko an riga an taka haƙƙin ko ana shirin takawa. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun sauƙaƙa sosai: da takardar rantsuwa ake gabatar da hujja, wani na iya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma tsufan lamari ba ya kashe ta. Akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da na Hukumar Ba da Agajin Lauya ga marasa hali.

A aikace kuwa sai an sha wuya. Idan ɗan sanda ya kama yaro, uban ya san inda zai nufa: caji ofis, DPO, littafin da ake rubuta wanda aka kawo, maganar beli, da wa'adin kwana ɗaya ko biyu na kai shi kotu. Idan soja ne, uban zai tsaya a ƙofar bariki ba ya da sunan wanda ya kama, ba lambar mota, ba takarda. Lauya zai tambaye shi, "Baba, wace runduna ce?" Ya ce shi dai ya ga kaki. Maƙwabtan da suka ga abin da idonsu ba mai son sa hannu a takardar rantsuwa, saboda shingen na nan a bakin layi gobe da safe. In ma an yi nasara an yanke diyya, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Babban Lauyan Gwamnati, wanda sau da yawa shi ne wanda aka kayar a shari'ar. Mutanen Odi da sojoji suka rusa garinsu a Nuwamban 1999 sai a 2013 kotu ta yanke musu naira biliyan 37.6, a ƙarshe aka daidaita a kan biliyan 15. Gari guda kenan da manyan lauyoyi a bayansa.

Akwai wanda zai ce wannan duk maganar 'yan birni ce, kuma yana da gaskiyarsa. A Sabon Birni da Isa da Rabah, roƙo ake a kawo soja. A Oktoban 2021 'yan bindiga sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, garin da mai ƙarar nan ke amsa sunansa, suka kashe mutum fiye da 40. A Tangaza da Gudu ga Lakurawa. Ko a cikin birni, a Mayun 2022 sai da aka sa dokar hana fita ta sa'a 24 aka fito da sojoji kafin ƙura ta lafa. Mai zaune a waɗannan wurare idan ya ji ana cewa a mayar da soja bariki, zai ɗauka ba a san halin da yake ciki ba.

Hukuncin Sakkwato bai hana ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yaƙi da masu ɗauke da makamai da suka ƙwace ƙauyuka suna karɓar haraji shi ne ainihin aikin da sashe na 217 ya ambata. Ni a ganina mu ne ma muka fi kowa buƙatar a rubuta sharuɗɗan, saboda Runduna ta 8 a nan take da hedikwata, mu ke kwana mu tashi da soja, kuma sojojin ba su da yawan da za a yi almubazzaranci da su. Wanda aka ajiye yana gadin ƙofar wani ɗan siyasa don a tsorata magoya bayansa, an cire shi ne daga hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Shi kansa ƙaramin sojan dokar za ta kare shi, don idan abu ya ɓaci shi ake gurfanarwa, wanda ya buga waya ya ba da umarni kuwa ba a ganin sawunsa.

Dokar da ake magana ba doguwa ba ce. Ta ce duk fito da soja cikin gari sai da umarni a rubuce mai ɗauke da dalili da yanki da wa'adi, a kai wa majalisa cikin 'yan kwanaki, ya mutu da kansa idan ba a sabunta ba. Ta ce wanda soja ya kama a miƙa shi ga 'yan sanda a ranar, a rubuta sunansa inda danginsa za su gani. Kowane shinge ya kasance da sunan runduna da lambar wayar da za a kai ƙorafi, kuma girke soja a gidan ɗan takara ko ofishin jam'iyya ba tare da izinin kotu ba ya zama laifin da za a tuhumi wanda ya ba da umarni. Sakkwato na da sanata 3 da 'yan majalisar wakilai 11. Biyu daga cikin sanatocin da aka zaɓa a 2023, Wamakko da Tambuwal, su ne mutanen da aka matsa wa a 2013 da 2014, kuma ɗayansu na jam'iyya mai mulki, ɗayan na adawa. Kowane ɗayansu na da ikon gabatar da wannan ƙudiri, kuma mutanen mazaɓunsu na da ikon tambayarsu a kai idan sun zo neman ƙuri'a.